Ashe idona yana da wajen zuwa in an rufe shi

Ni tela ne, kuma duk tela ya san yadda goman ƙarshe na azumi take, ba barci sai ɗinki. To a nan ne abu ya fara, in dare ya yi na zo zura zare sai in ga kafar allura ta zama biyu, in yi ta cusa zare a wacce babu ita, kai kuma ya yi ta sara ta wajen gira. Inna ta ce baki ne, a nemo rubutu. Uwargida ta ce waya ce. Yarona na shago bai ce komai ba amma na ga yana ɓoye almakashi.

Bayan salla matar nan ta tasa ni gaba sai asibitin ido. Aka sa ni karanta haruffan bango daga nisan mita 6, na karance su tas har na ƙasan, na juyo ina mata kallon kin gani ko. Likitar ta ce Malam zauna tukuna. Ta ɗauko wani baƙin abu kamar ludayi, ta ce in kafa ido a kan harafi ɗaya, ta rufe idon dama ta buɗe, ta koma hagu, ta yi ta musanyawa. Kawai sai na ji uwargida ta ce innalillahi, Baban Hanifa idonka tafiya yake yi! Wai da an rufe shi sai ya sulale ya nufi wajen kunne, ana ɗage ludayin sai ya dawo da gudu ya tsaya kamar ba shi ba. Har bidiyo ta ɗauka, wallahi na gani da idon nawa.

Sai aka ɗora mini jan gilashi a ido ɗaya aka kunna ɗan fitila, ido ɗaya yana ganin ɗigon haske ɗayan yana ganin jan layi, ya kamata layin ya ratsa ɗigon, ni nawa kowa yana unguwarsu. Likitar ta ce kowane ido tsokoki 6 ke juya shi, ƙwaƙwalwa ce ke riƙe su su kalli abu ɗaya, mutane da yawa suna da ɗan wannan karkacewar a ɓoye ba su sani ba, sai gajiya ta yi yawa riƙon ya kwance. Na ce to ni harara-garke ne kenan? Ta ce a'a, shi wancan nasa a fili yake ko ba a rufe ba.

Magani wai in riƙa barci, in ƙara haske, sannan in riƙe biro a nesa ina matso da shi a hankali zuwa hancina ina kallon bakinsa har ya rabu biyu. Ina cikin yi a shago, idanu sun haɗu a karan hanci, wani Alhaji ya shigo da shadda mai tsada. Ya tsaya ya dube ni, ya dubi yarona, yaron ya ce ai tun azumi ya fara Alhaji. Mutumin nan ya maida shaddarsa leda ya ce Allah ya ba da lafiya.