Shekara shida a sakandare, yaro bai san garinsu ba

Duk mai ɗa ko ƙane a ƙaramar sakandare, don Allah ya karɓi littafin rubutunsa na Soshiyal Stadis ya buɗe. Aji ɗaya: ma'anar iyali, ire-iren iyali, ma'anar al'ada. Aji biyu da uku ma sammakal: ma'anar aure, ire-iren aure, illolin shaye-shaye. Abin da yaron ya haddace tun yana firamare shi ake ta juya masa, Turancin ne kawai yake ƙara tsauri. Darasin da ya kamata ya riƙa hawa da yaro daga aji zuwa aji ya zama tafiyar kura, ana ta kewaye a wuri guda.

Na san yadda ake yinsa a makarantu da yawa. Malama ta miƙa wa monita tsohon littafinta, ya cika allo da rubutu, yara sama da saba'in suna kwafa, wasu a kan benci wasu a ƙasa, littafi bisa gwiwa. Kafin na baya su gama, an goge saman allon. Ranar jarrabawa kowa ya amayar da abin da ya haɗiya, a ba shi maki. Ban ga laifin malamar ba, abin da manhaja da jarrabawa suka nema shi ta bayar.

Babbar asarar tana aji huɗu. A nan darasin yake rabuwa gida-gida: Gwamnati, Tarihi, Labarin Ƙasa, Tattalin Arziki. Wanda ya shiga ajin kimiyya, galibi ya yi sallama da Tarihi da Gwamnati ke nan yana ɗan shekara 15, sai ɗan abin da zai tsinta a darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Wannan yaron shi ne likitan gobe, shi ne injiniyan da za a ba kwangilar madatsar ruwa, wataƙila ma shi ne gwamna. Yana iya gama sakandare bai taɓa zama a aji an yi masa bayanin yadda aka haɗe Kudu da Arewa a 1914 ba, ko abin da ya jawo yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Daga baya a Facebook zai ji labarin, daga bakin wanda ya fi kowa zafin kai.

Kada a manta, a zangon karatu na 2009/2010 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka ce Soshiyal Stadis zai ɗauki nauyinsa. Bai ɗauka ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da dawo da Tarihi, tare da shirin horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Abin a yaba ne, amma malami ɗari ina za su kai a jihar Kano mai ƙananan hukumomi 44?

Ni a ganina, a fara daga ƙofar gidan yaro. Ya kamata ɗan aji ɗaya a Kano ya san wane ne mai unguwarsu, me ya bambanta aikinsa da na kansila, daga ina ruwan famfonsu yake zuwa. A kai shi Gidan Makama, a tsaya da shi a marinar Ƙofar Mata ya ga hannun marini ya rine da baba, a nuna masa inda ganuwa ta zube aka yi gini a kanta, a tambaye shi wa ya ba da izini. A gaya masa tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi take ci. Ɗan Katsina yana da Gobarau, ɗan Daura yana da Kusugu. Duk wannan ba ya buƙatar kwamfuta, kuɗin mota ne da malami mai kishi.

Aji biyu sai a faɗaɗa zuwa jiha da maƙwabta: jihadin 1804, zuwan Turawa Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa da dalar gyaɗa, dalilin da ya sa ɗan Maraɗi da ɗan Jibiya harshensu ɗaya amma tutarsu daban. Aji uku a ɗauki Najeriya gaba ɗaya. A babbar sakandare kuma a shiga muhawara ta gaske, ta ƙafewar Tafkin Chadi, rikicin manoma da makiyaya, da inda kuɗin haraji yake tafiya, kuma ɗan kimiyya ya zauna a wannan aji kamar kowa.

Hukumar tsara manhaja ta NERDC ce ke da ikon sauya babban tsari, amma akwai abin da yake hannun shugabannin makarantu tun yanzu. A ware wani kaso na makin gwajin cikin zango a ɗora shi kan aikin fita waje: kowane ɗalibi ya je ya zauna da wani dattijo a unguwarsu, ya rubuto yadda aka kafa ta da asalin sunanta, ya tsaya gaban aji ya karanta. Iyaye, ku kawo wannan magana a taron iyaye da malamai na zango mai zuwa.