Tambayar da aka yi min a tsohuwar masaƙar Manchester

Ranar Asabar na je duba gidan haya a Ancoats, wata unguwa da ke dab da tsakiyar birnin Manchester. Dogon gini ne na jan bulo, tagogi a jere kamar haƙoran mataji, yana kallon wata tsohuwar hanyar ruwa da aka haƙa da hannu, Rochdale Canal, wadda a da kwale-kwale ke bi da gawayi da auduga. Dillaliyar, wata matashiyar Baturiya, ta kai ni falo ta dafa wani ginshiƙin ƙarfe baƙi wuluk da ke tsaye a tsakiyar ɗaki. Ta ce wannan ne mutane ke biyan kuɗi dominsa. A da nan masaƙa ce, inda kujeru suke yanzu injinan kaɗa zare ne. Bangon ma ba su yaɓe shi ba, sun bar bulon tsirara da tabon shekara ɗari biyu a jikinsa, wai ado ne.

Da ta ji daga Kaduna nake, na ce mata ai mu ma muna da masaƙu. Ta washe baki ta ce, "To me kuka mayar da su?"

Wallahi na rasa ta cewa.

Abin da ya fi ci min rai, ba ta san cewa tamu da tasu uwa ɗaya ce ba. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles Limited, da aka buɗe a unguwar Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead aka kafa ta, kamfanin da ya fito daga garin Rawtenstall, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga inda nake tsaye. Su suka koya mana, tasu ta mutu kafin tamu, sai ga shi yau suna cin kuɗi da gawarta. KTL ta rufe a 2002. Sauran ba sai na faɗa wa ɗan Kaduna ba: rashin wuta, tsadar baƙin mai, atamfar fasa-ƙwauri. Duk wanda ya bi ta Kakuri ya ga ciyawa.

Kada a ce na zo Turai na rikice. Su ma sun sha wuya, kuma gyaran nasu ba kowa ya ci ba. Tashar jiragen ruwa ta Salford, birnin da ke maƙwabtaka da Manchester, ta rufe a 1982, ruwan wurin ya ruɓe har kifi ba ya rayuwa. Suka yi ta hura masa iska da injina, yau mutane na iyo a ciki, BBC ta kwaso ma'aikata ta dawo gefensa a 2011, ga gidajen gilashi, ga jirgin taragu mai launin rawaya yana wucewa shiru kamar maciji. Amma kuɗin hayar da dillaliyar ta faɗa min ya kusa cinye albashina gaba ɗaya, na yi godiya na fito. Jikokin waɗanda ƙurar auduga ta cinye musu huhu a wannan gini ba za su iya kwana ɗaya a cikinsa ba. Kuɗin Larabawan Abu Dhabi, masu kulob ɗin Manchester City, ya gina da yawa daga sababbin gidajen unguwar Ancoats. Ka taka minti goma zuwa dandalin Piccadilly Gardens da ke tsakiyar birni kuwa, za ka ga mutane kwance cikin bargo a ƙofar shaguna, ana yayyafi a kansu. A gida da wuya ɗan'uwanka ya kwana a titi kana da zaure.

Duk na yarda. Amma dai ginin yana nan tsaye. Wani ya zauna ya ce wannan ba za a rushe shi ba, doka ta kare shi, aka saka allo a bango da shekarar da aka gina shi. Mu kuwa mun bar wa 'yan jari-bola, kwano da waya da ƙarfe duk an auna a sikeli. Ko ɗaki guda ba mu ware ba da yaro zai shiga ya ga injin da kakansa ya tsaya a gabansa. Kullum dai maganar ita ce za a farfaɗo da masaƙu, tun ina firamare nake jinta.

Babana shekara ashirin da wani abu ya yi a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Ina tuna jiniyar canjin aiki, kekuna su cika titi har ba wurin taka ƙafa, masu ƙosai da koko suna jira a bakin get. Yakan dawo da farin auduga a gira da gashin kai, Inna ta karkaɗe masa kafin ya yi alwala. Har ya rasu katin aikinsa na cikin aljihun babbar rigarsa ta Juma'a, hoton ya koɗe.

Da daddare na kira ƙanena na ce ya duba min ko katin na nan. Ya ce, "Yaya, wane kati?" Sai da na yi masa kwatance. Ya ce zai tambayi Inna da safe.