Sitiyarin Katako da Rigar Sitiyari

A nan Ingila, in kana so ka ga dattijo ya murtuke fuska, ka ce masa ka sayi tsohuwar Jaguar E-Type, ka cire sitiyarinta na asali ka sa sabo. A wurinsa ka yi ɓarna ke nan, ko da sabon ya fi sheƙi.

Motar ta fito ne a 1961, a Coventry aka ƙera ta. Sitiyarinta siriri ne, bakinsa katako, ƙafafunsa uku na alminiyum masu huji-huji. A na farko-farkon, tsakiyar dashbod ma alminiyum ne, da ƴan maɓallai da ake turawa sama da ƙasa. Da dokokin kare lafiyar masu mota suka tsananta a Amurka, wajen 1968 aka maye gurbinsu da masu faɗi da ake dannawa, a 1971 kuma, da mai injin V12 ta zo, fata ta karɓi wurin katako a sitiyarin. Shi ya sa wanda ya san kan motar, leƙawa ɗaya zai yi ta taga ya faɗa maka zamaninta. Wurin da tafin hannu ke kamawa ya yi duhu, man da aka shafa wa katakon ya tsattsage, kujerar fatar kamfanin Connolly ta yi tamoji, duk haka masu motar suke barin abinsu, su riƙa goge shi a hankali da tsumma. Masu tsofaffin Ferrari ma haka suke ji da sitiyarin kamfanin Nardi na birnin Turin. A 2024, a gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a California, wata Bugatti ƙirar 1934 da aka bari da tsufanta ce ta cinye babbar kyauta.

Mu kuwa a gida, ranar da aka sayi mota ranar ake sa wa sitiyari riga, a shimfiɗa wa dashbod darduma, wani ma ledar kujera sai ta yage don kanta. Ban ga laifin wannan ba. Duk wanda ya bar mota a rana a Kano cikin watan Afrilu ya san sitiyari ba ya taɓuwa, roba kuma fashewa take yi. Ga ƙurar hunturu. Yawancin motocinmu na neman abinci ne, ba na fita ran Lahadi ba. Su ma mutanen Ingila suna wuce gona da iri: akwai wanda jikansa ba ya isa ya zauna a kujerar gaba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi in abu ya ɗan lalace. Kujera ta yage kaɗan, sai a kai wa mai ɗinki ya kware ta gaba ɗaya ya yar. Sitiyari ya tsage, a nemo na wata motar daban a Ƙofar Ruwa a ɗaura. Fijo 504 ba motar tsere ba ce, amma tamu ce, tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, ita ta kai amare, ita ta kai alhazai filin jirgi. Yau ka nemi ɗaya mai kujerunta da sitiyarinta na asali ka ga yadda za ka sha yawo. Da yawa sun ƙare a hannun ƴan gwangwan, an auna su a sikeli.