Revathi ta karɓe labarinta daga bakin masu dariya

Duk wanda ya taso da kallon fina-finan Indiya ya san su, ko da bai san sunansu ba. Ana cikin shagalin biki ko suna sai ga ayarinsu sun faɗo da sari masu ƙyalli, suna tafi da ƙarfi, suna waƙa da murya mai kauri, a miƙa musu kuɗi su yi gaba, 'yan kallo su tuntsire da dariya. Hijira ake ce musu a can. Yawancinsu an haife su maza, amma suna rayuwa a matsayin mata. Shekara da shekaru masu shirya fim suna nuna mana su, amma da wuya a ga wanda ya bi su gida ya nuna inda suke kwana ko abin da ya raba su da iyayensu.

A. Revathi na cikin waɗanda suka ɗauki alƙalami suka amsa wannan tambaya da kansu. An haife ta a 1970 a yankin Namakkal na jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, gari ne da ya yi suna da manyan motocin dakon kaya, kuma sana'ar gidansu ke nan. Sunan da aka raɗa mata Doraisamy. Tun tana ƙarama ake tsokanarta a makaranta saboda tafiyarta da maganarta irin ta mata, har karatun ya gagara. Ta gudu Delhi ta shiga cikin jama'ar hijira, daga baya ta zauna a Mumbai da Bangalore. A tarihin rayuwarta da aka buga da Turanci a 2010 mai suna The Truth About Me, ta ba da labarin yadda ta komo gida yayanta ya rufe ta da duka da sandar wasan kurket, aka kai ta wurin bauta aka aske mata gashin da ta tara. Ta kuma faɗi yadda 'yan sanda suka tsare ta, suka tuɓe ta, suka ci mutuncinta. Ba ta ɓoye cewa ta yi bara shago-shago ba, ba ta ɓoye cewa ta yi karuwanci ba.

Nan ne nake ganin darajar aikinta take. Jama'a kan ce ai hijira ba su san komai ba sai roƙo da lalata. Revathi ba ta musanta cewa suna yi ba. Abin da ta yi shi ne ta nuna yadda ake kai mutum can: a kore shi daga aji, a kore shi daga gida, mai shago ya ƙi ɗaukarsa aiki, mai gida ya ƙi ba shi haya, takardunsa su ƙi dacewa da kamanninsa, sannan a juyo a ce ga shi can a bakin titi, dama halinsu ne. Kuma abin yana da tushe. A 1871 Turawan mulkin mallaka suka kafa wata doka da ta sa a riƙa rajistar irin waɗannan mutane kamar masu laifi, ta hana su fitowa fili da kayan mata ko yin rawa da waƙa, alhali da wannan suke ci. An soke dokar daga baya, amma kallon da ta koya wa hukuma bai tafi tare da ita ba.

Da Revathi ta samu aiki a Sangama, wata ƙungiyar kare haƙƙi da ke Bangalore, daga ƙasa ta fara, tana hidimar ofis, har ta kai matsayin darakta. Littafinta na farko, wanda ya fito da harshen Tamil a 2004, ba ma labarinta ba ne. Zama ta yi da 'yan uwanta hijira ta saurare su, ta rubuta abin da suka faɗa. Sai da ta gama da nasu sannan ta waiwayi nata, kuma a ganina wannan tsari ya nuna irin mutumin da take.

Amma littafi yana da iyaka, musamman a tsakanin mutanen da aka kora daga makaranta tun ba su iya karatu sosai ba. Shi ya sa dandamali ya zama mata hanya ta biyu. An mayar da labarinta wasan kwaikwayo da harshen Kannada aka zaga da shi garuruwan jihar Karnataka, ita ma ta riƙa hawa dandamali ita kaɗai tana kwaikwayon rayuwarta. Mai karatu yana iya rufe littafi idan ya zo shafin da ya dame shi. Wanda ke zaune a zaure, matar da aka yi wa dukan tana tsaye gabansa tana nuna yadda ta kare kanta da hannu, ba shi da inda zai kai idonsa. A 2019 Jami'ar Columbia da ke Amurka ta rataya sunanta a jikin babban ɗakin karatunta tare da na wasu fitattun mata marubuta irin su Toni Morrison da Maya Angelou.

Na san abin da mai karatu da yawa zai ce: addininmu bai yarda namiji ya koma mace ba, to me ya haɗa mu da wannan? Ban zo in yi fatawa ba, wannan fagen malamai ne. Tambayata ta daban ce. Wane littafi ne ya halatta wa ɗan sanda ya tuɓe wanda ya kama don ya yi nishaɗi? Wane ne ya ce a fasa wa ɗan uwa kai, ko a hana shi magani a asibiti? Mutum yana iya ƙin yarda da zaɓin wani, kuma ya tsaya kai da fata cewa ba za a zalunce shi ba. Mu ma muna da 'yan daudu, duk da ba komai nasu ne ya zo ɗaya da na hijira ba. Muna sayen abincinsu a tasha, muna kwaikwayon maganarsu don raha, amma ranar da aka yi wa ɗayansu taron dangi, kaɗan ne ke buɗe baki. Wannan shirun yana damuna ƙwarai.

A Indiya dai gwagwarmayar ta haifar da ɗa mai ido, ko da bai gama girma ba. Jihar Tamil Nadu ta kafa hukumar kula da jin daɗinsu a 2008. Ƙidayar 2011 ta lissafa mutum kusan 488,000 a wannan rukuni. A watan Afrilun 2014 Kotun Ƙoli ta amince da su a matsayin jinsi na uku, ta kuma umarci gwamnati ta ware musu gurabe a makarantu da ayyuka. Sai dai dokar da majalisa ta zartar a 2019 ta tsallake batun guraben, ta kuma sa sai mutum ya nemi takardar shaida daga hannun babban jami'in gunduma, abin da ya sa masu fafutuka da yawa suka yi tir da ita. Jihar Karnataka, inda Revathi ta yi yawancin aikinta, ita ce ta ware musu kashi 1 cikin 100 na ayyukan gwamnati a 2021. Gurbin aikin nan shi ne ainihin maganar, domin muddin babu albashi, wadda ke bara a bakin shagon Delhi gobe ma can za ta koma, ko da kotu ta ba ta suna a takarda.