Ba da kulki ake gano niyya ba

Mutum biyu na cacar baki a kan iyakar gona, ɗaya ya ɗaga sandar hannunsa ya maka wa ɗayan sau ɗaya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Tun ba a yi jana'iza ba gari ya gama yanke hukunci: ya kashe, a kashe shi. Kotu kuwa sai ta tambaya me yake nufi lokacin da ya ɗaga sandar.

Kundin Final Kod, wato dokar hukunta laifuka da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya raba kisa gida biyu. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa idan an yi niyyar kashewa, ko wanda ya aikata ya san mutuwa ce mafi rinjayen abin da zai biyo baya. Sashe na 222 ya fitar da wanda aka tunzura shi nan take, da wanda faɗa ya ɓarke tsakaninsu ba shiri, da wanda ya wuce gona da iri wajen kare kansa. Waɗannan ɗauri ne ko tara a ƙarƙashin sashe na 224. Jihohin da suka sabunta kundinsu, irin su Kaduna a 2017, sun sauya lambobin sassan. Wannan rabo ba baƙo ba ne a wurinmu, domin aya ta 92 da ta 93 a Suratun Nisa'i sun bambanta kisan kuskure da na ganganci.

Tunda ba mai leƙa zuciyar wani, alƙali da alamu yake aiki. Wane makami ne, kara ko adda? A ina aka buga, a cinya ko a tsakar ka? Sau nawa? Makamin da shi aka zo daga gida, ko a wurin aka tsinta? Sai rahoton likita da shaidun gani da ido. Aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, shi ya sa mai bincike malalaci ke bin gajeriyar hanya: a jibgi wanda ake zargi har ya ce da gangan ya yi.

Dubi yadda takardar amsa laifin ke fitowa. Mutumin ya yi bayani da Hausa, an rubuta da Turanci, an kama babban yatsansa an dangwala a tawada. Ya ce "na buge shi", takarda ta ce ya yi niyyar kashe shi. Tsakanin waɗannan jimloli biyu akwai igiyar rataya.

Doka ba ta bar wannan ƙofa a buɗe ba. Sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai an tabbatar, sashe na 35(2) ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta yi tanadin a ɗauki bayani a gaban lauya ko wani da ya zaɓa, a kuma naɗi amsa laifi a bidiyo. Sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azabtarwa, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta mai da azabtarwar kanta laifi.

Masu cewa wannan gata ne ga masu laifi su tuna dangin mamaci su ma suna cutuwa. Ƙarar da aka jingina kaɗai kan takardar da aka samu ta hanyar jibga tana iya rushewa a kotun ɗaukaka ƙara bayan shekaru, lokacin da shaidu sun watse.

Inda lauyoyi da yawa ke sakaci shi ne lokacin ƙorafi. Sai a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ake cewa tilasta shi aka yi, kotu ta tsaya ta yi ƙaramar shari'a a kan hakan. Idan kuma ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin, a nemi a kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba takardar ji-ta-ji-ta ce.