Bindigar iska da ɗan tankina

Kun dai san na sayi bindigar iska ta kwance notin manyan motoci, don daga Aboabo har Suame Magazin, unguwar makanikai a Kumasi, ba wanda ban nuna wa ba. Tankin kwamfaresa ne ban taɓa ba, ɗan mai lita 50 ɗin nan da nake yi wa tayar turoturo, ƙananan motocin haya, iska da shi.

Ran Talata sai ga tirelar albasa, taya ta yi faci. Direba ya jawo dogon ƙarfensa, na ce, "Direba, ajiye wannan, an wuce wurin." Da ƙarfi fa na faɗa, har mai wake ta waigo. Na durƙusa na danna. Tatatata! Noti ɗaya. Tatatata! Na biyu. Ana zuwa na uku sai ta... ta... fuuu, kamar tsoho ya gama hawan tudu. Noti goma ne a tayar. Ina nan durƙushe, allurar geji tana rarrafe, yarana sun sunkuyar da kai, kafaɗu na ta rawa. Na ce ai wuta ce ta yi ƙasa. Fankar mai shayi kuwa na ta gudu a bayana.

Sai Kawu ya taso daga benci. Mutumin nan tun azumin bara sifanata lamba 19 take hannunsa, kullum "gobe, ɗana", amma don ya taɓa aiki a mahaƙar zinariya ta Obuasi, in ya yi gyaran murya kowa sai ya yi tsit. Ya tsinci ƙusa ya hau zane a ƙasa. Wai kwamfaresa na ba da lita 300 a minti, bindiga na shan 900, cikon 600 daga tanki zai fito. A ma'aunin ƙarfin iska, daga bar 8 zuwa 6, inda bindiga ke fara sanyi, bar biyu ne kacal, sau 50, iska lita 100.

"Daƙiƙa goma ke nan, ɗana. In rabin minti kake so, cikon lita 300 ne, raba biyu, tanki mai lita 150. Shi ma sai ka bari ya cika."

Abin haushin, lissafin bai da makusa.

Direba ya sake jawo ƙarfensa bai ce uffan ba, ni na riƙa taka masa. Da yamma Kawu ya aiko jikansa, wai in ara masa lamba 17.