Hular lantarki ba za ta buɗe bakin Kawu ba

Tun jiya raina a ɓace yake, kuma 'yan zauren WhatsApp na dangi sun san dalili. Sefa dubu 180 aka tara, har da kuɗin tunkiyar da Gwaggo ta sayar, aka miƙa wa wani mutum mai hular wayoyin lantarki, wai cikin kwana 10 bakin Kawu, da magana ta gagare shi bayan shanyewar ɓarin jiki, zai buɗe. Yau wata guda cur. Yanzu kuma ya ce sai an sake zagaye na biyu. Wallahi zalunci ne, kuma mu da muka yi shiru ranar da aka kawo shi muna da namu kason.

Na'ura ba ta koya wa mutum magana. Ko sau ɗari ne zan maimaita.

Abin da ya sami Kawu bayan shanyewar ɓarin jiki, wanda likitocinmu na Garwa ke kira AVC, ba aljani ba ne, ba kuma harshe ne ya mutu ba. Jini ne ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa a gefen hagu, inda kalmomi suke zaune. Shi ya sa hannun dama da baki suka tafi tare. Tun 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya bayyana majinyacin da ba ya iya furta komai sai "tan", alhali yana gane abin da ake faɗa masa. Kusan mutum 1 cikin 3 da wannan ciwo ya kama suna samun irin wannan matsala.

Za ku ce ai a Turai ma ana sa wa mutane lantarki a kai. Na sani. Iri biyu ne ma: akwai mai raunin lantarki, miliyamfa 1 zuwa 2 na kamar minti 20, akwai kuma mai maganaɗisu. To amma ku tambaya yadda ake yi. Ana haɗa shi ne da zaman koyon magana, mai koyarwa yana gaban majinyaci yana nuna masa hoto, yana jiran kalma ta fito. Lantarkin ɗan share fage ne, atisayen shi ne aikin. Ko a can ɗin, abin da bincike ya nuna shi ne yakan ɗan taimaka wajen tuno sunayen abubuwa. Ba a tabbatar yana gyara hirar yau da kullum ba. Kuma kafin a taɓa kan mutum sai an tambaya ko yana da farfaɗiya, ko akwai ƙarfe a kansa. Shi mai hular naku ya tambayi ko ɗaya? Ɗora hula yake yi ya koma gefe yana danna waya. Ko "sannu Baba" bai taɓa jira Kawu ya amsa ba.

Wani ya rubuto mini cewa masu koyar da magana, ortofonis, sun yi ƙaranci a arewacin Kamaru. Gaskiya ne. Amma kuɗin da aka zubar ya isa mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, a ga gwani ya auna shi, ya koya wa iyalinsa abin da za su riƙa yi a gida kullum. Don haka kar a kawo mini wannan uzurin.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba kuɗin ba ne. Kawu yana karanta Fatiha daga farko har ƙarshe, yana ƙirga ɗaya zuwa goma, amma "ruwa" ta gagare shi. Abin da baki ya saba da shi, da abin da ake rerawa, sukan tsira. Har akwai hanyar jinya da aka ɓullo da ita a Amurka tun shekarun 1970 da ke jawo kalma ta hanyar rerawa. Ƙofa ce a buɗe, mu kuma mun wuce ta muna neman hula. Masu dubiya su cika ɗaki, su tambayi matarsa "ya ci abinci?" yana zaune yana kallonsu. Ya fara kalma, wani ya ƙarasa masa. Wasu su ɗaga murya kamar kurma ne. Mutumin da ya yi shekara 30 yana ciniki a babbar kasuwa da Hausa da Fillanci da Faransanci! Ranar Juma'a na zauna da shi, na kashe rediyo, na ɗaga buta na yi shiru. Ya yi ta fama, gumi na keto masa, sai ya ce "bu... buta". Ya fashe da kuka, ni ma haka. Babu waya ko ɗaya a kansa.

Af, katunan hotuna na koyon magana da aka aiko mana duk na Faransanci ne, da tuffa da dusar ƙanƙara, abubuwan da Kawu ba zai taɓa nema ba. Na ɗauki hoton goro, tabarma, carbi, babur da jikokinsa. Duk wanda ya san mai wanke hoto da sauƙi ta wajen unguwar Yelwa a Garwa, don Allah ya yi mini magana kafin Asabar.